Ina Ne Gidan Gaskiya?

Maigidana ya rasu a kan hanyar Tudun Wada, wata safiyar Litinin, yana tafiya makarantar da yake koyarwa. Tayar babur ɗinsa ta gaba ce ta fashe. Kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi, a nan Dangora, garinsu. 'Yarmu ɗaya ce, lokacin tana shekara huɗu. Tun da labari ya iso aka miƙa ta maƙwabta, ba a dawo da ita ba sai da aka share tsakar gida. Abin da ta gani na ƙarshe shi ne ya tayar da babur ya ɗaga mata hannu.

An ce na yi kuka ranar. Ni ban tuna ba. Abin da na sani, daga washegari na koma kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta: ina ganin ana taɓa ni, amma ba na ji. A gaishe ni in amsa, a ajiye kwano in ci, a ɗauke. Na shiga takaba a ɗakinmu, cikin gidan iyayensa, ba kwalli, ba turare, ba fita. Ban ji takurar da mata suke faɗa ba, don dama ba inda nake son zuwa.

Yarinyar ce ba ta bar ni ba.

"Umma, yaushe Abba zai dawo?"

Ranar da ta fara tambaya, mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Inna, ita ta riga ni amsawa. Ta jawo ta jikinta ta ce, "Abbanki ya riga mu gidan gaskiya." Yarinya ta gyaɗa kai ta koma wasanta, hankali kwance. Ai ba abin mamaki ba ne. A wajenmu rabin ƙauyukan Gidan wane ne, Gidan wane. Ta ɗauka wani ƙauye ne can gaba da Tudun Wada, ya yi gaba, mu ma muna nan tafe.

Na ce wa Inna a faɗa mata yadda za ta gane. Ta ce, "A'a, yaro man kaza ne. Ki bar ta, da kanta za ta daina." Ban ja ba. Ba na musu da Inna, kuma gaskiya ko da ta ce je ki faɗa mata, ban san da wane baki zan fara ba.

A ƙarƙashin gadonmu akwai kwalayen littattafansa. Mutum ne da in ya shiga Kano ba ya dawowa hannu biyu sai da littafi, ko da an aike shi sayen tukunya ne. Na jawo su ne don yini ya yi mini tsawo. Ina idar da azahar, in ja carbina, sai in duba in ga har yanzu rana tana inda na bar ta.

Na fara da waɗanda ya fi so, na 'yan fashi da masu bincike, masu bangon da aka zana bindiga da mota tana cin wuta. Da yana raye har tsiya nake yi masa, mutum da gemunsa, malamin makaranta guda, ya zauna yana karatun harbe-harbe tuwo yana hucewa. To, na ba su haƙƙinsu: ba abin da ya kai su cin lokaci. Ka buɗe bayan azahar, sai dai ka ji kiran la'asar. Ba sa neman zuciyarka, idonka kawai suke so, ni kuwa ido ne ya rage mini. Marubutansu sun san inda za su yanke babi, yadda ko kana jin fitsari sai ka leƙa na gaba.

Amma mutane suna faɗuwa a cikinsu kamar ƙudaje. A wani an harbe direba a shafi na uku, don kawai mai binciken ya samu abin bincike. Na karanta har ƙarshe ina jiran in ji wa ya wanke shi, wa ya je gidansa ya yi sallama, wa ya tsaya a zaure yana neman yadda zai fara. Ba a sake ambatonsa ba. Sannan kullum akwai mai laifi, kuma kullum sai an kama shi, a ɗaure, kowa ya yi ajiyar zuciya. Ni wa zan kama? Taya ce, ta yi zafi ta fashe. Na ci gaba da karanta su duk da haka, yadda ake tauna rake bayan zaƙin ya ƙare.

Da suka ƙare na koma kwalin tarihin manyan mutane: malamai, 'yan kasuwa, tsofaffin ma'aikata. Waɗannan Inna ba ta harararsu, don akwai hoton dattijo da rawani a bango. Suna da nasu amfanin. Suna tafiya a hankali, daga haihuwa zuwa makarantar allo zuwa aure, har ka ga ashe rayuwa tana da kai da gindi. A wani na karanta yadda mutumin ya yi maraici tun yana goye, kuma ya girma ya zama mutum. Na tsaya a wannan shafin na daɗe. Ban ji komai ba, amma na lura na tsaya.

Aibinsu shi ne duk bakinsu ɗaya da masu zuwa ta'aziyya. Mutumin kirki ne, mai haƙuri, bai taɓa faɗa da kowa ba. Ba wanda yake minshari a cikinsu, ba wanda ya taɓa manta alkawari. Nawa mijin yana barin kofin shayi a ƙarƙashin gado har tururuwa ta yi gari, yana fara cinye nama kafin tuwo sannan ya dinga kallon kwanona, kuma in ya yi fushi sai ya yini yana amsa mini da "to". Wannan mutumin nake nema, masu gaisuwa kuwa wani waliyyi suke kawo mini da ban taɓa aura ba. Kuma duk littafin da na ɗauka a cikinsu, ƙarshensa ɗaya: Allah ya yi masa rasuwa, ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. Shi ke nan, sai bango. Wato daidai inda nake tsaye, nan marubucin yake rufe alƙalaminsa ya tafi cin abinci. Mu da aka bari layi ɗaya ne rabonmu.

Ina cikin wannan, tambayar yarinya ta canja. Ta daina cewa yaushe, ta koma ina ne. Akwai wata Bafulatana da take kawo mana nono daga rugarsu, dattijuwa ce, ta san duk wata hanyar ƙafa daga nan har Ba'awa. Ina ɗaki na ji yarinyar ta tare ta tana sauke ƙwarya.

"Inna mai nono, kin san Gidan Gaskiya?"

Matar ta ƙarasa sauke ƙwaryar. Can ta ce, "Na san labarinsa, 'yar nan."

"Da nisa?"

"Allah sarki," kawai ta ce. Ta auna mana nono, ta ƙara ludayi guda, ta ɗauki ƙwaryarta.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, wani mai faci da yake bakin titi ya yi sallama da 'yar tawa a hannu. Ta sa takalmanta na Sallah, ƙafar dama a hagu, ta rataya gorar ruwanta ta makaranta. Ya tsince ta a gefen kwalta, inda manyan motoci suke wucewa, tana tambayar masu babur wa zai kai ta. Inna ta saki salati, ta hau faɗa da duk yaran gidan da suka bar ƙofa. Ni na karɓe ta, na cire mata takalma, na yi wa mutumin godiya. Na san ya kamata gabana ya faɗi. Na jira, bai faɗi ba. Sai dai na fahimci abu ɗaya da kaina, ba da zuciyata ba: muddin wurin yana da suna, sai ta sake fita nemansa.

Daga ranar na hana ta nisa da ni. Don in zaunar da ita na jawo ƙaramin kwalin da ban taɓa ba, na littattafan yara da ya dinga saya mata tun ba ta iya riƙe cokali ba. Dama na raina su. Manyan baƙaƙe, shafi goma, yara a hoto masu kumatu kamar ba su taɓa yin zazzaɓi ba. Ga wa'azi: ba za a bar kunkuru ya yi tafiyarsa ba sai an rubuto a ƙasa cewa darasin wannan labari shi ne kaza. Wasu kuma da gani an juyo su ne daga wani harshe, Hausar tana tafiya tana ɗingishi. Amma ita ba ruwanta. A karanta mata ɗaya sau biyar, in na tsallake layi ta ce ban faɗi daidai ba.

Wata la'asar muna kan tabarma a ƙofar ɗaki, Inna tana can gefe tana tankaɗe, yarinyar ta zaro wani siriri da ba mu taɓa karantawa ba. Labarin wata yarinya ce da ɗan tsakonta. Ta ba shi tsaki, ya bi ta rijiya, ya kwana a takalminta. Sai ruwan sama ya dake shi. Na juya shafi, ga hotonsa a kwance, ƙafafu a miƙe, a ƙasa kuma kalma huɗu da manyan baƙaƙe: Ɗan tsako ya mutu.

Na karanta kafin in ankara. Na yi sauri zan wuce, ta dafe shafin.

"Ba zai tashi ba," ta ce. Ba tambaya take yi ba, sanar da ni take. "In abu ya mutu ba ya tashi. Ko an ba shi ruwa."

Ashe tana da kalmar. Duk wannan lokaci muna ta zagaye da ita, ya rasu, ya riga mu, ya kwanta dama, Allah ya karɓi abinsa, kalmomin da muke lulluɓe mutanenmu da su don girmamawa, ita kuwa guda ɗaya ta sani, wadda muke barin wa kaji da awaki. Ban taɓa haɗa sunansa da ita ba, ko a zuci. Na ji nauyinta a bakina kamar zan zage shi.

Na ce, "Abbanki ma ya mutu."

Rariyar Inna ta tsaya. Ban waiwaya ba.

Yarinyar ta dube ni, ta dubi hoton. Ta juya shafi da kanta. A na gaba, mai ɗan tsakon ta haƙa rami a gindin bishiya tana zuba ƙasa da hannunta.

"Abba ma an rufe shi?"

"An rufe shi."

"Wa ya rufe shi?"

"Baffanki, da mutanen gari."

Ta daɗe tana kallon hoton.

"Ni ba a kira ni ba."

"Ba a zuwa da mata," na ce.

"Ke ma ba ki je ba?"

"Ni ma ban je ba."

A nan muryata ta karye, kuma abin ya zo mini gaba ɗaya, da zafi, hawaye suka ɓalle mini. Ta rufe littafin ta ajiye. Ta matso ta kama bakin mayafina, ta shiga goge mini fuska da shi, da ƙarfi, yadda nake goge mata in ta faɗi.

"Yi haƙuri, Umma," ta ce. "Yi haƙuri."