Babila da Shigifar Hajo

Mahaifin kakata ne ya kawo sunan Babila ƙauyenmu. Ya tafi Makka a ƙasa, ya yi shekaru a hanya, a can ya zauna da wani mutumin Bagadaza, ya dawo da tasbaha da tarin labarai. Tasbahar ta tsinke tun kafin a haife ni. Labaran kuwa suka faɗa hannun 'yarsa Hajo, wadda ta haifi babana, ita kuma ba ta da rowar baki.

Ƙauyenmu yana kan tudu, daga bayan gida ana hango lambunan kwarin Badaguishiri. In ɗari ya kama, da an idar da isha'i sai mu tara kara a ƙofar shigifar Hajo mu hura wuta. Ni take kira mai gida. In na cika matsawa kusa da wuta sai ta zungure ni da ƙafa ta ce, "Ku diba mini ragon miji, ko ɗari ya hi ƙarhinai."

Kakana ne ya gina shigifar da tubali. Duk shekara kafin ruwa ya sauka ana yi mata yaɓe: a kwaɓa laka da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta jiƙu, a bi bango da hannu. Ba aikin mutum ɗaya ba ne. Baba yakan zo daga Malbaza inda yake aiki a masana'antar siminti, Baffa Idi ya dawo daga cin rani a Sakkwato, gwaggonnina su zo daga Illela su kama ɗiban ruwa. Hajo kuma ta dama fura a babbar ƙwarya. A duk shekara, lokacin nan ne kaɗai take ganin 'ya'yanta a tsakar gida ɗaya.

Sai wani ɗari Baba ya zo da albishir. Ya ce zai kawo siminti a shafe shigifar gaba ɗaya, a huta da yaɓe har abada. Ɗan farin Hajo ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi musu da shi. Amma da muka hura wuta, ta ga ya shimfiɗa tabarma can gefe yana jin rediyo, sai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ku gyara zama. Wagga ba ta gizo ba ta, ta mutane ta."

Ta ce can gabas akwai wata ƙasa tsakanin gulabe biyu, ba dutse, ba itace, sai laka. Mutanen farko suka ɗebi lakar suka gina birni, suka naɗa sarki, suka ci garuruwa. Da suka ƙoshi suka yi sake, wasu suka zo suka rushe shi, suka gina nasu a kan kufan. Su ma haka ta same su. Ninawa ta tashi har jin sunanta yana sa maza rawar jiki, ita ma ta faɗi. Birni a kan birni, har fili ya zama tudu. Sannan Babila ta ɗaukaka, da ganuwar da mai tafiya ke hangowa tun da safe, bai isa gindinta ba sai yamma. Duk shekara sarki yakan sa a yi shela, fatake da makiyaya da mayaƙa kowa ya dawo a yi wa ganuwa yaɓe. A nan ake sanin wa ya rasu, wa ya haihu, a nan masu gaba ke shiryawa, don ba ka miƙa wa mutum laka kana ɗaure masa fuska. Sai aka yi wani sarki mai son burga. Ya sa aka gasa tubali, aka yi masa shuɗi mai ƙyalli, aka lulluɓe ganuwar da shi. Ya ce daga yau an gama wahala.

"Sai mi ya hwaru?" in ji ƙanwata Rabi.

"Sai kowa yaz zamna inda ya ke. Mi za shi kawo su? Ruwa ko shina shiga ta baya shina cin laka, ba mai gani. Randa abokan gaba sunka zo, anka buga ganga, ba wanda yas san ƙanenai balle shi tsaya mai."

Na tambaye ta ina Babila take yanzu.

"Tudu na, mai gida. Awaki na kiwo bisa."

Baba ya kashe rediyo yana dariya. "Inna, zamani ya sake. Hutu ni ka nema miki."

Ta amsa tana kallon wuta, kamar da mu take: "Ku ce ma ubanku na gode. Ni dai ban ce na gaji ba."

Allah ya sani Baba da zuciya ɗaya ya yi. Siminti ya zo, shigifa ta yi fes, har daga wasu unguwanni ana zuwa kallo, ni ma na sha taƙama a lakwal, makarantarmu ta boko. Bazara ta zagayo, ba wanda ya zo. Baba ya aiko da gaisuwa, Baffa ya ce tunda ba aiki zai ƙara wata a Sakkwato. Hajo ta dama fura a babbar ƙwarya kamar yadda ta saba, muka sha muka sha, saura ta yi tsami. Shekarar da ta biyo ƙaramar ƙwarya ta ɗauko.

Siminti ba ya riƙe laka. Ya tsage wajen indararo, ruwa ya samu hanya. Ina koleji a Konni aka aiko mini cewa bangon gabas ya zube da rana tsaka, Hajo tana gidan suna, Allah ya tsare. Baba ya ɗauke ta zuwa Malbaza, ɗakin bulo da rufin kwano. Ba ta daɗe ba a can. 'Ya'yanta sun taru duka a ƙarshe, a zaman makokinta.

Bayan an watse, na raka Baba ƙauye. Wani ɓallin siminti yana nan maƙale a bangon da ya rage. Ya ja shi ya faɗo, sai ga yaɓenmu na ƙarshe a ƙarƙashi, da shatin yatsu kamar jiya aka yi. Dogaye a sama na Baffa ne, ƙanana a ƙasa nawa ne da na Rabi, wajen ƙofa kuma ga hannun Hajo da karkataccen ɗan yatsanta. Baba ya ɗora tafinsa a kan nasa shatin, ya ce, "Ashe ni na sarkin nan." Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Daga baya na karanta labarin Sumer da Akad da Ashur da Babila, yadda kowace ta tashi ta faɗi. An ambaci yaƙi, an ambaci gishirin da ya ci gonaki. Sarkin da ya hana yaɓe kuwa ban same shi ko'ina ba. A gaban wutar nan Hajo ta ƙago shi, saboda mutum ɗaya da ba ta iya kiran sunansa, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Gidanmu ya zama tudu, awaki na kiwo a kai.

Da na gina nawa a Konni, na bar zauren na laka, kuma duk bazara nakan kira yara yaɓe, suna zuwa suna gunaguni. Kwanan baya babban ɗana ya bugo waya daga Yamai, ya ce zai aiko da siminti in huta. Na ce masa na gode, ni dai ban ce na gaji ba.