Baƙon Malam na Kanada

Tsoro ne ya hana shi, ko dokar gidansu ce, ko kuwa ni ya tausaya wa? Tun da aka kai mijina Malam makwancinsa nake juya wannan tambaya, kuma mai ba ni amsa ya tafi ya bar ni da kujerarsa. Ku 'yan'uwana masu shara a biro-biron Paris, wato ofisoshi, kun ce in ba ku labarin aiki, to ga shi. Ni ban yi boko ba, ɗiyata ke rubutawa a ɗakinta na Saint-Denis. In na yi shiru kuka ne, sai ta jira ni.

A duk zaman aikina, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da mijina ya shigo wurin aikina da sunan mai saye.

Wajen 2009 ne, muna zaune a Vénissieux. Ina shara a wani ƙaramin biro a Lyon, reshen wani kamfanin Paris mai shirya wa masu hali tafiyar farauta. Ga yadda muƙamai suke: a sama akwai patron, dattijo mai gashin baki wanda ban taɓa ganin ya kashe ko sauro ba. Ƙarƙashinsa Madam Odil, mai amsa waya da yankar tikiti. Ƙarƙashinta injin kafe mai dafa gahawa. Sannan ni.

Hajar da ta fi tafiya ita ce farautar baƙin urs a Kanada. Dabba ce kamar an haɗa kura da bijimi an lulluɓa musu baƙin bargo, kuma tana miƙewa da ƙafa biyu kamar mutum. Akwai guda a bakin ƙofar biro, matacce, an cushe cikinsa an tsayar da shi baki buɗe. Ni ke kakkaɓe shi, har haƙoransa nake gogewa da buroshi.

Malam ɗan Sarkin Baka ne, wato shugaban maharba, daga wani ƙauye a ƙasar Dogon Dutsi. Kakansa ya kashe zaki, ubansa ya kashe ɓauna. Shi kuwa aikin mangaza, ɗakin ajiyar kaya, ya cinye masa ƙuruciya, abin da ya kashe a Faransa ɓeraye ne. Da ya ajiye aiki aka ba shi 'yan kuɗin sallama, sai ya tasa ni gaba.

"Mariyama, in na je lahira kakana ya ce me na harba, ɓera zan ce?"

Na ce, "Malam, a lahira ba kakanka ke tambaya ba. Kuma ko ka harbe shi, mu ba cin namansa muke ba."

"Ke dai ki yi wa patron ɗinki magana."

Tafiyar iri biyu ce. Mai tsada tana can yamma cikin duwatsu, ka bi jagora a ƙafa kwana da kwanaki kuna neman dabba. Mai araha tana gabas, bayan sanyi ya wuce: jagora ya kai ka daji, ya ɗora ka kan wani gado da aka kafa bisa itace, ka zauna ka jira. Ana fara biyan abans, wato kafin alƙalami, jagora ya shirya wuri ya nemo maka izinin harbi, in tafiya ta matso ka cika saura.

Na sami patron da tsintsiya a hannuna na roƙi ragi. Ya yi dariya har ya share hawaye, da ya ga ban yi ba sai ya buga wa Paris waya. Suka yarda, amma bisa bakina. Ya ce, "Madam Mariyama, irin wannan ragi ba a yi wa kowa. Kar mijinki ya ba ni kunya." Na ce mijina bai taɓa fasa magana ba.

Malam ya zaɓi mai araha. Ya ce gwiwoyinsa ne suka zaɓa, aljihunsa ya ce amin. Ya biya abans. Daga ni har shi babu wanda ya tambayi abin da ke kawo dabba gindin itacen. Ni na ɗauka fito ake yi mata.

Ranar cika saura, ina goge tagogi sai ga Malam cikin rigar maharba ta ubansa, layu gaba da baya, ƙaho rataye a wuya. Haka ya hau metro tun daga unguwa. Ya ce har da masu sanda sun tashi sun ba shi kujera. Yana shigowa ya yi ido huɗu da urs ɗin bakin ƙofa, ya ja da baya har ya buge kwandon shara. Ya ce takalminsa ne ya zame. Ni dai ban jiƙa daɓen ba tukuna.

Patron ya ruɗe da murna, ya tsayar da shi kusa da dabbar ya ɗauki hoto. Sannan Madam Odil ta juyo masa ordinater, wato kwamfuta. Jagoran ya ɗaure na'urar hoto a jikin itace, ya aiko abin da ta ɗauka.

Patron ya ce, "Ga naka nan. Kullum sai ya zo."

Ga ƙaton baƙin abu, ya zura kai cikin tano, wato gangar ƙarfe, gindinsa kawai ake gani.

Malam ya ce, "Me yake ci?"

"Gato, wato kek, da ya kwana, busasshen burodi, ɗan zuma. Jagora na cika tanon don ya saba da wurin."

"Wa ke saye?"

"Abans ɗinka mana!"

Malam ya cire tabarau. Ya juyo gare ni ya koma Hausa. "Mariyama, ashe tun tuni ni ke ciyar da shi."

Na ce, "To sai me?"

"A gidanmu, dabbar da ta ci abin hannunka ta zama baƙo. Ba a ɗaga mata bindiga."

"Malam, ka rufa mini asiri. A nan nake cin abinci."

"Shi ma a can yake ci."

Ya faɗa wa patron ya fasa. Gashin bakin patron ya hau rawa. Ya ce abans ba ya dawowa. Malam ya ce dama ba a karɓe abin da baƙo ya ci. Patron ya ce to a mai da shi tafiyar duwatsu, can babu tano babu gato, kuma zai sake nema masa ragi. Malam ya dubi gwiwoyinsa, sannan ya dube ni, duba mai tsawo, da tsumma a hannuna. Ya ce a'a, ya gode. Abu ɗaya ya roƙa: Madam Odil ta fitar masa da hoton urs ɗin a takarda.

Paris suka bugo, na ji patron yana ba da haƙuri a tsaye. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, ni kuwa kullum ina jiran a ce in ajiye makulli. Ba a ce ba. Wata safiya na tarar an rataye hoton Malam da rigar layu a bango, kusa da na masu kuɗi da suka ɗora ƙafa kan gawar dabba. Duk mai sayen da ya tambaya, sai patron ya ce babban maharbi ne daga Afirka, abokin cinikinmu. A nan na gane sana'ar. Ba dabba muke sayarwa ba, hoto ne da labarin da namiji zai ba abokansa. Malam ma ya samu duka biyu, bai harba ko harsashi ɗaya ba.

Ya manna hoton gindin urs a jikin firjinmu. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nuna masa ya ce, "Baƙona ne, a Kanada yake."

Sai da ya kwanta a asibiti cikin sanyin shekarar na ji daga bakin likita cewa tun kafin maganar farauta an faɗa masa zuciyarsa ta gaji. Bai gaya mini ba. Sauran kuɗin da bai cika ba, su suka riƙe ni bayansa. Shi ya sa nake tambaya. Da na tafi gida ta'aziyya na tambayi ƙaninsa dokar nan ta baƙo, ya ce shi bai sani ba, yana ƙarami ubansu ya rasu.

Ranarsa ta ƙarshe na je asibiti da rana daga wurin aiki, hannuwana na warin sabulun daɓe. Na zauna ina kuka. Ya buɗe ido ya riƙe mini yatsa, bai ƙara magana ba bayan wannan:

"Bar kuka, Mariyama, kin fi urs muni in kina yi. Ki ce wa patron a gaishe mini da baƙona, a ƙara masa gato."