Inabin Likita Anselme

A ƙauyenmu na kudancin Faransa babu wanda bai taɓa shan maganin Likita Anselme ba, babu kuma wanda bai taɓa yi da shi a bayan ido ba. Mutumin kirki ne, sai dai son tsirrai ya yi masa yawa. Sai a kira shi wurin mai naƙuda, ya hango wani fure a bakin hanya, ya sauko daga kan alfadarinsa ya durƙusa, mijin matar na tsaye kamar ya fashe. Matarsa Honorine takan ce da ita tukunyar fure ce, da ta fi haka samun kulawa.

Wata shekara abokinsa ya aiko masa da dashen inabi daga Amurka, da saiwarsa da ƙasarsa cikin akwati. Ya dasa shi a gindin katangar da ta raba lambunsa da gonar maƙwabcinsa Firmin. Mu kuwa inabi ne cinmu, shi ne suturarmu.

Bayan 'yan shekaru, inabin Firmin da ke jikin katangar ya yi rawaya ya bushe. Na kusa da shi ya bi. Abin ya dinga yaɗuwa kamar mai ya zuba a zane, har ya ci gonaki da dama a wannan gefen kogin da ya ratsa ƙauyen. Aka yi addu'a, aka barbaɗa toka, a banza. Gonakin ƙetaren kogi ne kaɗai suka rage wa ƙauyen.

"Likita, kai da ke hira da ciyawa, tambayo mana ita mana," in ji Firmin, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Anselme ya tono saiwar inabin da ke mutuwa, ya ɗora mata gilashinsa mai ƙara girman abu. Wasu ƙananan ƙwari ne rawaya, sun yi cincirindo suna tsotsonta. Ya koma gida, ya tono gefen nasa na Amurka, wanda ganyensa ke nan kore shar. Ga su nan fal, sun ma fi yawa. Shi wannan inabin ba sa yi masa komai, tare suka zo daga Amurka. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban gawa.

Ya ɗauko gatari ya fara saran kurangar inabin nasa. Honorine ta fito da kwandon wanki.

"Kai kuma lafiya? Shi kaɗai ne mai rai a duk unguwar nan!"

"Ƙone shi zan yi. Kawo wuta."

Firmin ya leƙo ta saman katanga. "Haba Likita, rowar ta kai haka? To sare abinka, mun riga ka. Uwargidanka ta ba ni 'ya'yan da suka tsiro a gindinsa tun bara."

Gatarin ya tsaya a sama. "Da saiwa?"

"Da saiwa da ƙasa, yadda kullum kake cewa a yi dashe."

"Ina ka kai su, Firmin?"

"Ƙetaren kogi mana. Na raba wa surukaina da 'yan uwa, kowa ya dasa a tsakiyar gonarsa. Sun kama kuwa, ka ga kyau!"