Na Ara Masa Rigar Mahaifina, Ya Tafi da Sunana

Assalamu alaikum, Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina girgiza kai a kan wautar mutane, alhali ni ma ina da tawa a ajiye, kuma ba ƙarama ba ce. A shekarun nan da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, ni matashi ne, sabon ango, haifaffen Agege mai ji da kansa. Yarabanci ya zauna a bakina daram, Hausata kuwa rabinta Turancin buroka ne, kuma ba na fita sai da wandon jins da hular hana-salla. Mahaifina dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12. Daga wani ƙauye na ƙasar Kebbi ya zo Ikko, wato Legas, tun yana saurayi, kuma manoman yankin ba su san wani dillali ba sai shi. Yadda harkar take, manomi zai loda albasarsa a mota ya ce wa direba a kai wa wane, shi ke nan. Ba takarda, ba sa hannu, sunan mutum shi ne jinginarsa. Da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa sai rumfar ta dawo hannuna, motoci suka ci gaba da zuwa, manoma suna cewa a kai wa ɗan Alhaji. Ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa mutanen nan ba su san fuskata ba, don rabona da ƙauyen tun ban yi wayo ba.

Akwai wani magidanci da ya ɗan zauna da mu a kasuwa yana taya ni sauke kaya. Mutumin can wajen su mahaifina ne, harshensa irin nasu, ga fara'a, ga ladabi. Ba abin da yake so kamar labarin marigayin: su wane ne abokansa a gida, wane ne amininsa, wace unguwa ce tasu. Ni kuma in saki baki ina ta zuba, ina jin daɗi na sami mai saurare. Da Babbar Salla ta zo sai ya ce yana so mu ɗauki hoto tare ya aika gida, amma ba shi da kayan kirki. Na buɗe akwatin mahaifina na ɗauko masa babbar rigarsa, shuɗiya mai aska takwas, wadda ba ya sawa sai zai je gida. Ni dama ba zan sa ta ba, a ganina kayan tsofaffi ce, ga nauyi, ga zafin Legas. Muka je wajen wani mai hoto a Agege, shi cikin rigar Alhaji, ni da jins da hana-sallata, na dafa kafaɗarsa muna dariya. Ya ce zai kai rigar wajen mai wanki ya dawo mini da ita. Daga nan ba shi ba labarinsa. Na yi 'yan kwanaki ina jin haushi, matata ta ce in ɗauka sadaka na yi wa mahaifina, na bar maganar.

Da kakar albasa ta zagayo sai motocina suka fara raguwa. Na ɗora wa tsadar mai, na ɗora wa lalacewar hanya, na ɗora wa maƙiya. Rannan wani direba ya gan ni a rumfa ya tsaya yana kallona da mamaki, ya ce shi ai a can an gaya masa ɗan Alhaji ya tattara ya koma gida, yanzu da kansa yake karɓar kaya a gona yana tura su kasuwar Ibadan. Na ce masa to ga ni nan zaune a gabansa. Ya ce ya gani, amma shi ma abin da ya ji ke nan. Wallahi tunanin da ya fara zuwa mini shi ne ko mahaifina yana da wani ɗa a ƙauye da bai taɓa gaya mana ba, har na fara jin haushin mamaci. Sai da direban ya ce mutane suna ta faɗin yadda ɗan ya gaji har rigar ubansa, shuɗiyar nan da kowa ya sani, sannan na tuna da mutumin da na ara wa rigar.

Na rasa inda zan sa kaina. An saci kuɗi na san wajen wa ake zuwa, an saci mota na sani, amma an saci mutum yana zaune, wannan ban san ofishinsa ba. Cikin wannan ruɗani aka nuna mini hanyoyi biyu na tsare suna, domin ashe ba ni ne na farko ba. Ta farko wajen wani dattijon direba ce da ya ajiye tuƙi, wanda direbobin albasa suke ji da maganarsa. Dillali yakan yi masa ɗan ihsani, shi kuma ya sa direbobi su tsaya wa sunan dillalin a duk inda suka yi lodi. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce zai yi mini, amma da sharaɗi. Sai na hau motar albasa mun tafi tare, ya kama hannuna ya shiga da ni gida gida ya ce ga ɗan wane. Ya ce bakin direba ba zai kayar da mutumin da ke zaune cikin jama'a sanye da rigar mamaci ba, gani ne yake korar ji. Hanya ta biyu wani ofis ce a Ogba, bene mai sanyi da kwamfuta, wajen wani oga mai ɗaure da naktayi a wuya. Shi ya ce ba sai na ɗaga ƙafa ba. Za su yi mini kati mai hotona da hatimi, su buga fosta da hoton ɓarawon, su aika ma'aikacinsu ya manna a kasuwanni da tashoshin yankin. Ya ce zamanin yawo ya wuce, yanzu takarda ce take tafiya a madadin mutum.

Na yi ta kai da kawo tsakanin Mile 12 da Ogba har masu okada, wato 'yan acaɓa, suka san ni. In na zauna gaban dattijon sai in ga ba abin da ya fi maganarsa gaskiya, in na shiga sanyin ofis sai in ga maganar tasa ta zama ta mutanen da. Na tambayi dattijon wa zai tsare mini rumfa in na tafi, ya ce rumfar da ba mota me za a tsare a cikinta. Na tambayi oga ko fosta za ta isa, ya yi dariya ya ce manyan kamfanoni ma haka suke yi. Matata ta ce in yi duka biyun mana, na ce mata ba ta san harkar kasuwa ba. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce tsoron ƙauyen nake ji. Ina jin kunyar in buɗe baki su ji Hausata su yi dariya, ina ƙyamar kwana a bayan mota ina warin albasa. Sai na yi wa tsorona suna, na ce wayewa ce, na zaɓi ofis. Dattijon ko komawa ban yi na ce masa na fasa ba.

Ba zan yi wa mutanen ofis ƙarya ba, duk abin da suka ce za su yi sun yi. Katin ya fito yana sheƙi. Da suka nemi hoton mutumin, ba ni da wani sai wanda muka ɗauka tare, na ba su. Suka zagaye kansa da biro, suka rubuta gargaɗi da Turanci a ƙasa, suka buga da yawa, ma'aikacinsu ya je ya manna ya dawo ya ce aiki ya kammala. Na zauna ina jiran motoci. 'Yan kaɗan ɗin da suka rage ma sai suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Na koma Ogba, oga ya ce in ƙara haƙuri, watakila sai an sake buga wata. A nan ne hankalina ya ƙi kwanciya, na rataya katina a wuya na hau motar fasinja ni kaɗai na nufi arewa.

Ran kasuwa na sauka a ƙauyen, da hantsi. Na tsaya wajen wani mai shayi ina tambayar gidan aminin mahaifina, wani tsohon manomi da na san sunansa tun ina yaro. Mai shayin ya dube ni, ya juya ya dubi bangon da ke bayansa, ya sake dubana. Fostata ce a manne, ga ni nan a ciki ina dariya, kuma don tsabar rashin tunani hular da ke cikin hoton ita ce a kaina. Kafin in ce uffan ya ɗaga murya ya ce ga ɓarawon nan ya kawo kansa. Daga baya ne na ji yadda aka yi. Da fostar ta iso ba wanda ya iya karanta Turancin, sai suka kai wa ɗan Alhajinsu. Shi kuma ya bayyana musu cewa hukuma ce a Ikko ta zagaye kansa don a san shi ne na gaskiya, na gefensa kuwa wani ɗan damfara ne da ke yawo da sunansa. Su kuma suka duba, ga mutum cikin rigar Alhaji, ga wani da wandon 'yan iska. Ko ni aka ba wannan hoton aka ce in zaɓa, ban san wanda zan zaɓa ba. Jama'a suka yi mini caa. Na ɗaga katina, wani ya ce ai irin kayan aikinsu ke nan. Na fara rantsuwa, don ruɗewa sai Yarabanci ya kuɓuce mini, nan kuwa na ƙara wa kaina laifi. Na sha mari, hular ta faɗi, wani ya taka ta. Allah ya sa wani mai hankali ya ce a kai ni gaban tsohon da nake nema kafin a yi aika-aika.

Tsohon yana zaune a zaurensa. Ya sa aka sake ni, aka ba ni ruwa, ya ƙare mini kallo. Can ya sallami mutane, ya kira ni ɗansa, ya ce tun da na sako ƙafa ya ga goshin amininsa da irin tafiyarsa, ba ya buƙatar abin da ke wuyana. Na fashe da kuka don murna, na ɗauka wahala ta ƙare. Sai ya ce amma in gaya masa abin da zai faɗa wa mutane. Ya ce da labarin rasuwar mahaifina ya iso sun yi zaman makoki a nan, suna ta duban hanya, ba wanda ya zo daga Ikko. Ya ce ɗakin mahaifina ya rushe da damina, wancan mutumin ne ya kwaɓa ƙasa ya tayar da shi. Ya ce da babban ɗansa ya rasu, wancan ne ya tuɓe rigar ya shiga kabari ya karɓi gawa. Ya ce ya daɗe yana shakkar mutumin, amma ya kasa korar wanda ya zo saboda wanda bai taɓa zuwa ba. Sannan ya tambaye ni a hankali, ba da faɗa ba, ina nake duk wannan lokacin. 

Duk da haka ya gaya wa jama'a gaskiya, gari ya rabu biyu, wasu sun yarda wasu sun ce tsufa ne. Mutumin yana Ibadan a lokacin. Da labari ya kai masa bai sake dawowa ba, kuma ya tafi da albasar da aka riga aka loda masa, gumin mutane na shekara guda. Manoma suka ce ko wanne ne ɗan, su dai da sunan Alhaji aka cuce su, daga ranar ba mai sake cewa a kai wa ɗan Alhaji. Sunan da mahaifina ya kwashe rayuwarsa yana ginawa, a hannuna ya mutu. Na saki rumfar na koma sayar da kayan masarufi a Agege. Da tsohon ya rasu aka aiko mini, wannan karon na je. Dattijon direban nan ne ya sama mini wuri a motar albasa, bai ce mini komai a kan abin da ya wuce ba, wanda ya fi mini zafi da a ce ya yi faɗa. Na shiga kabari na karɓi gawar, ba wanda ya tambaye ni kati.

Har yanzu wani lokaci nakan zauna in rasa wa zan ɗora wa laifi. Ofis bai cuce ni ba, dattijo bai yaudare ni ba, shi kansa ɓarawon ya yi wa mutanena abin da ni ban yi musu ba. Abin da na gane kawai shi ne na ɓata lokaci ina zaɓen wanda zai tsare mini suna, alhali ba a satar sunan mutum sai a inda ya bar gurbinsa babu kowa. Ina kira ga 'yan'uwana haifaffun kudu, da duk mai cin abinci da sunan ubansa. Ban ce kada ku yi kati ba, ban ce kada ku biya mai tsaro ba, amma kafin ku ba wani hotonku ko labarin gidanku, ku tambayi kanku ko mutanenku za su gane ku in kun tsaya a gabansu. Ku je gaisuwa, ku je suna, ku je jana'iza, a ji Hausarku a yi dariya, ba ta kisa. Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take, ni na nemi in aika takarda ta yi mini tafiyar. Katin yana nan har yau bai daina sheƙi ba. Na ajiye shi a akwatin mahaifina, a inda rigar take.