Sunan Da Na Rubuta Na Huɗu

Ni mutumin ƙasar Gwiwa ne, karatuna bai wuce firamare ba. Ina saurayi aminina na ƙuruciya ya kai ni Kano, ya tsaya mini aka ɗauke ni aiki a wani babban kamfanin man girki. A ɗakinsa na zauna har na yi aure. Ba zan yi butulci ba, kamfani ya rufa mini asiri. Albashi ba ya latti, akwai asibitin ma'aikata, da albashin na yi wa mahaifiyata rufin kwano. A hankali aka naɗa ni shugaban masu lodi, shi kuwa yana nan yana ɗaukar kaya a ƙarƙashina.

Wata shekara aka kawo injin lodi. Manaja ya ce in kawo sunan mutum shida da za a sallama, in ba zan iya ba akwai mai iyawa. Lokacin aminina ya fara tari, ƙarfinsa ya ragu. Na ji tsoron in na bar shi a ce na yi son kai, in rasa muƙamina. Na rubuta shi na huɗu. Ranar da aka ba shi takarda ni ya fara nema, ya tambaye ni ko wani laifi ya yi. Na ce masa daga sama aka turo sunayen. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Na sani, da kana da iko ba za ka bari ba."

Bayan shekara uku ni ma aka tare ni a bakin ƙofa da tawa takardar. Wanda ya sa mata hannu bai taɓa ganina ba. Na dawo gida Gwiwa na tarar ciwo ya kwantar da aminina, wanda ya riga ni dawowa. Kullum ina zuwa dubiya da niyyar faɗa masa, in zauna bakina ya ƙi buɗewa, har Allah ya karɓi ransa. Watan jiya 'ya'yansa suka zo suka durƙusa, suka ce Baba, kai za ka ba da auren ƙanwarmu, marigayi ya ce ba shi da amintacce kamarka. Na bayar, muryata tana rawa, jama'a suna cewa kewar aboki ce.

Masu aiki a manyan wurare, ku ci albashinku, amma kada ku ba da mutum don kujera. Kujerar da na kare wani ne a kanta yau. Wanda zai ce ya yafe mini kuwa yana ƙasa, kuma ya tafi yana yabona.