Bawa Mai Nutsar da Jirginsa

Duk mai fiton da na sani, idan hadari ya haɗo, jan jirginsa yake yi tudu. Bawa na mashigin Kalgo kuwa nutsar da nasa yake yi. Ranar da na fara gani na taho daga Gwandu da albasa, gabas ta yi baƙi ƙirin, na tarar yana loda duwatsu a jirgin, yana kamfatar ruwa da ƙwarya yana zubawa ciki. Na ɗauka tsufa ne ya taɓa shi. Da yake bakina ba ya shiru, na tambaya.

Ya ce, "Iska ba ta ɗaukar abin da ruwa yar riƙe."

Ya ɗaura gora da igiya don shaidar wurin, ya tafi gida. Jirgin na maɗaci ne, sassaƙar mahaifinsa, shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa. Bawa na shiri da kowa ban da makiyaya, musamman wani Muzzammil, wai shanunsa na dagula masa mashigi.

Bara aka yi iskar da ta kwashe rufin gidaje, ta tumɓuke itatuwa. Bawa ya nutsar da jirginsa kamar kullum, amma gari ya waye babu gora, gulbi ya cika ya batse. Ya yi ta nutso har kunnuwansa suka fara ciwo, bai taɓo komai ba. Daga baya sai dai ka gan shi zaune a gindin kanya yana kallon ruwa. Na tausaya masa ƙwarai, har na daina tsokanarsa.

Da ruwa ya fara ja, Muzzammil ya zo ƙetarar da shanu. Suna cikin iyo, wata farar saniya ta tsaya cak a tsakiyar gulbi, gadon bayanta a waje. Muzzammil ya dubi saniyar, ya dubi tsohon.

"Baba Bawa, ni dai ban koya mata tsayuwa bisa ruwa ba."

Bawa ya faɗa ruwa da rigarsa. Aka kwashe duwatsu, jirgi ya taso, sai dai kofato ya ɓula shi a gefe, Bawa ya yi masa faci da gwangwani.

Yanzu 'yan maruƙa ke fara shiga jirgin, mu da albasarmu mu jira a gaɓa. Idan ka yi ƙorafi, facin kawai yake nuna maka.