Mujiyar da na jefa a shara

Rainon 'ya mace kai kaɗai a unguwar Bronx ta birnin New York wahala ce, ba ni da abin ƙarawa a kai. Uwarta ta rasu tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Ni kuwa aikina kwasar shara da gugar daɓe a dogayen gidajen Parkchester, a nan muke zaune, hawa na bakwai.

Wata Asabar na shiga ɗakinta gyaran taga, sai ga mujiyar yumɓu a kan tebur, ido ƙuru-ƙuru, da 'yar tasar man zaitun a gabanta. A garinmu in mujiya ta sauka gidanka, ka fara tunanin makara. Na ce a raina wani ne ya yi wa yarinyar nan sammu. Na naɗe abar a jarida, na wurga ramin da ke kai shara can ƙasan bene.

Da la'asar ta dawo daga makarantar koyon jinya.

"Baba, ina mujiyata?" Da Turanci, kamar kullum.

"Au, ke kika ajiye ƙazantar nan?"

Nan na ji labari. Wai ta shiga cikin wasu masu bauta wa gumakan Girkawan da. Mujiyar tsuntsuwar wata allahiya ce ta hikima. Suna haɗuwa a lambun gari, kowa ya yafa zanen gado, su tsiyaya giya a ciyawa, su karanto addu'a daga waya. Wai allahiyar ma ba a haife ta ba, kan ubanta aka fasa da gatari ta fito.

Na ce, "Wannan kam na yarda. Ga nawa nan yana tsagewa."

Ni za a nuna wa bauta? Kakata 'yar bori ce. Da idona na ga an yanka baƙin bunsuru, ta faɗi ƙasa tim, murya ta koma ta ƙato, mu yara har fitsari ya kuɓuce mana. Ubana ya bar wannan ya shiga coci, aka kore shi daga gida. Su kuwa masu zanen gadon nan, ubangijinsu a kwali yake zuwa ta gidan waya, an naɗe shi da leda kada ya fashe. Bagirken da ke sayar da kofi kusa da tashar jirgi ma gicciye ne a wuyansa.

"Ke, abin da masu shi suka yar, shi kika tsinto?"

Ba ta ɗaga murya ba. "Shekara tara ba ka taɓa ambaton Mama a gidan nan ba. Su, ranar farko suka tambaye ni sunanta."

Ta ce in gobe da yamma babu mujiya a teburinta, za ta koma wurinsu a Brooklyn. Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Akwatin uwarta ne.

Washegari Lahadi ban je coci ba. Na ɗauki makullin ɗakin shara, na sa safar hannu, na bi buhuna ina farkewa. Ƙayar kifi, kashin jarirai, ruɓaɓɓiyar shinkafa. A buhu na goma sha ɗaya na same ta, kunne guda ya ɓalle. Na wanke ta da sabulun daɓe, na liƙe kunnen, na ajiye a teburin, fuskarta na kallon bango. Man zaitun dai ban zuba mata ba.